gpresult ko Event Viewer: wanne za a fara buɗewa idan Group Policy ya ƙi aiki?

Ɗan'uwa, ka ce ka kafa doka a Group Policy, wato tsarin Windows na raba wa kwamfutoci saituna daga wuri ɗaya, wasu kwamfutocin ofis sun karɓa wasu sun ƙi, ka buga gpupdate /force, umarnin tilasta karɓo dokoki, har ka gaji, kana son sanin wanne ya fi tsakanin umarnin gpresult da Event Viewer, manhajar duba kundin abubuwan da suka faru a kwamfuta. Kowanne da tambayar da yake amsawa. Na farko yana gaya maka ko dokar ta shafi wannan kwamfutar, na biyu kuma ko kwamfutar ta ma isa wurin sabar da ke rabon dokokin.

Idan doka ɗaya ce ta maƙale sauran suna aiki, da gpresult za ka fara. Ka buɗe shi da ikon admin, in ba haka ba ɓangaren mai amfani kaɗai zai nuna maka, ya ɓoye na kwamfuta. Umarnin gpresult /r zai jero dokokin da suka shiga da waɗanda aka tace, har da dalili. In ka ga "Denied (Security)", matsalar izini ce. Tun sabuntawar tsaro ta Microsoft mai lamba MS16-072 ta watan Yunin 2016, da asusun kwamfuta ake karanto dokokin mai amfani, don haka wanda ya cire rukunin Authenticated Users daga dokar bai bar wa rukunin kwamfutoci na Domain Computers izinin karantawa ba, dokarsa ba za ta iso ba. Wannan ya wahalar da mutane ƙwarai, har yau ina ganin ana faɗawa cikinsa. In kuwa sunan dokar bai fito ko'ina ba, duba inda kwamfutar take zaune. Sabuwar da aka shigar domen, wato tsarin da ya haɗa kwamfutocin ofis ƙarƙashin sabar, takan faɗa cikin ma'ajiyar Computers, wadda ba OU ba ce (sashen da ake ɗaura wa doka), don haka ba a iya ɗaura mata doka.

Raunin gpresult shi ne labarin karɓa ta ƙarshe yake bayarwa. Kafin ka yarda da shi, kalli layin da ke nuna lokacin da aka yi amfani da dokokin. Kwamfuta na sabuntawa duk minti 90, da ƙarin da bai wuce minti 30 ba, sabar domen kuma duk minti 5. To in ka ga ranar ta makon jiya ce, rahoton ya tsufa, nan ne Event Viewer ke shigowa.

A can, cikin kundin System, lamba 1129 na nufin babu hanyar isa ga sabar, 1058 kuma an kasa karanta fayil ɗin gpt.ini a SYSVOL, ma'ajiyar fayilolin dokoki da ke kan sabar. Cikakken bayani yana ƙarƙashin GroupPolicy, Operational. Karatunsa akwai gajiya, amma shi ke kai ka ga tushe. Sau da yawa DNS ne, tsarin da ke nemo adireshi daga suna: wani ya sa 8.8.8.8, DNS ɗin Google, a kwamfutar, intanet na tafiya lafiya lau amma ba ta ganin domen. Wani lokacin agogo ne, domin Kerberos, tsarin tantance shiga domen, ba ya jure bambancin da ya wuce minti 5.

A halin da kake ciki, ni zan ɗauki kwamfuta ɗaya da ta karɓa da ɗaya da ta ƙi, in fitar da cikakken rahoton gpresult /h na kowacce in ajiye su gefe da gefe. Ka lura da sunan sabar da kowacce ta karɓo dokokin. In sun bambanta, duba kwafin SYSVOL tsakanin sabobin biyu, mai yiwuwa DFSR, mai yin wannan kwafin, ya tsaya a ɗaya.