Tsakanin Spec Ops da This War of Mine: a ina hannun mai wasa yake ɗaukar alhaki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dokokin wasan bidiyo su kaɗai, wato abin da aka yarje wa mai wasa ya aikata da abin da ke biyo baya idan ya aikata, za su iya ba da labarin zubar da jini, ko kuwa dole sai an tsayar da wasan an nuna masa hoto yana kallo. Za su iya, sai dai wasanni biyun da aka fi kafa hujja da su ba su kai matsayi ɗaya ba.

Spec Ops: The Line, wanda kamfanin Yager na Jamus ya ƙirƙira a 2012, yana sa ka a matsayin Kyaftin Martin Walker, sojan Amurka da ya shiga Dubai bayan guguwar rairayi ta binne birnin. A wurin da ya fi shahara, kana harba sinadarin fosfaros mai ƙona jiki kana kallon mutane a allo kamar fararen ɗigo, daga baya a sa ka taka da ƙafa ta cikin gawarwakin, ka tarar har da fararen hula 47. Abin yana tayar da tsikar jiki, amma ba a ba ka wata hanya ba, domin in ka ƙi harbawa wasan ba zai ci gaba ba. Bugu da ƙari, saitin bindiga da ɗana kunama suna nan da daɗinsu kamar a kowane wasan harbi, ta yadda labarin yana zarginka alhali dokokin suna yi maka tukuici.

This War of Mine kuwa, na kamfanin 11 bit studios da ke Poland, ya fito a 2014, kuma an gina shi ne bisa ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo, babban birnin Bosniya, daga 1992 zuwa 1996. Fararen hula kake sarrafawa, waɗanda suka fake a wani rusasshen gida. Da rana maharba sun hana fita, da dare mutum ɗaya ke fita neman abinci da magani da 'yar jakar da ba ta cin kaya da yawa. Akwai gidan wasu tsofaffi biyu, mata da miji, waɗanda ba su da makami. Babu wanda ya ce ka je, amma mutuminka yana kwance da zazzaɓi, maganin kuma yana cikin kabad ɗinsu. Kana kwasa, dattijon yana biye da kai ɗaki zuwa ɗaki yana roƙo. Washegari damuwa ta kama mutanen gidanka, aikinsu ya yi sanyi, wanda abin ya yi wa yawa ya zauna ya ƙi motsi har sai wani ya bar aikinsa ya je ya lallashe shi, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. A ganina nan ne dokokin suka ɗauki labarin da kansu, tun da laifin ya koma asarar lokaci da ƙarfi da kake lissafawa kowace safiya.

Duk da haka ba zan hana Spec Ops haƙƙinsa ba. Kusa da ƙarshe, bayan taron jama'a sun rataye abokin aikinka Lugo, suna kewaye ka suna jifa, bindiga tana hannunka. Kana iya harbi sama su watse, amma babu rubutun da ya sanar da kai hakan a allo.