Gwajin ƙoda a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Kano: tsafta akwai, bayani babu

Wurin tsaf yake, ba dogon layi, kuma ma'aikaciyar da ke ɗibar jini tana da fara'a. Jijiyar Baba da ke ba ma'aikata wahala, ita nan da nan ta same ta. Da a nan aka tsaya, da na ce kowa ya je.

Baba yana da ciwon ƙoda mataki na uku, eGFR ɗinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda, ya daɗe wajen 40. Takardar da suka ba mu ta nuna ya sauka zuwa 28, fotasiyam kuma, wani sinadari da ke cikin jini, ya hau zuwa 6.3. Daren nan Hajiya ba ta runtsa ba, gida har an fara lissafin kuɗin wankin ƙoda.

Likitansa na ganin takardar ya fara tambaya. Ya ci nama kafin a ɗebi jinin? Ƙwarai, da farfesu ya karya. Yana shan wani magani? Septrin, da aka ba shi a kemis. Likitan ya ce dafaffen nama kan ɗaga kiriyatinin (sinadarin da in ya hau a jini eGFR ke sauka) na wasu sa'o'i, shi ya sa ake so a ƙaurace masa awa 12 kafin gwaji. Septrin ma yana ɗaga kiriyatinin ɗin ko da tacewar ƙodar ba ta ragu ba, kuma yana iya ƙara fotasiyam da gaske. Ga zafin Afrilu, ga Baba ba mai yawan shan ruwa ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba wanda ya tambaye mu a can. Kuɗi suka karɓa, suka ce mu dawo da la'asar.

Ita ma wadda na yaba, da na tuna sai raina ya ɓaci. Ta ɗaure masa dantse ta bar shi yana ta dunƙule hannu yana saki, ashe wannan kaɗai kan sa fotasiyam ya hau a takarda. Haka ma in jini ya daɗe a ajiye ba a sa shi a injin da ke raba ruwansa da ƙwayoyinsa ba, kuma na ji su da kunnena suna cewa janareta ba mai.

Aka dakatar da maganin, aka sake gwaji a asibiti: eGFR 39, fotasiyam 4.9. Na koma na sami shugaban wurin, na roƙe shi ko takarda ce su liƙa a bango saboda masu ciwon ƙoda. Ya ce bayani aikin likita ne. Tsoho ya kwana cikin fargaba, amma ko haƙuri bai ba mu ba. Jinin Baba dai ba zai sake shiga wurin ba.