Shafin Constitute: na gwada shi kan batun ikon gwamnati

Musu ne ya kai ni wannan shafin. Ni da wani abokina muka kafe kan wa ke da ikon yin doka a kan abin da kundin tsarin mulki bai ambata ba kwata-kwata, shi ya ce ai ko'ina na jihohi ne, ni kuma na ce anya kuwa. Sai wata malama ta ce mu leƙa Constitute mu huta da ja-in-ja.

Shafi ne da masana suka buɗe a 2013 da tallafin Google, sun tara kundin tsarin mulkin kusan duk ƙasashen duniya wuri guda, ba sai ka biya komai ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kana iya ɗauko ƙasa biyu ka jera su gefe da gefe, ka rubuta kalma ɗaya ya haska maka duk inda ta fito.

Na fara da Amurka. Kashi na 1 sashe na 8 ya lissafo abin da majalisar tarayya za ta iya yi ɗaya bayan ɗaya, karɓar haraji, cin bashi, buga kuɗi, kafa gidan waya, shelanta yaƙi. Gyara na 10 na 1791 kuma ya ce abin da ba a ba tarayya ba kuma ba a hana jihohi ba, na jihohi ne ko na jama'a. Nan abokina ya fara murmushi, sai na ɗora Kanada kusa da ita, ashe dokarsu ta 1867 akasin haka ta yi, ragowar iko na gwamnatin tsakiya ne. Indiya ma haka, jerin iko uku ta yi, na tarayya da na jihohi da na haɗaka, sannan sashe na 248 ya miƙa abin da ya rage ga majalisar ƙasa. Murmushin nan dai bai kai labari ba wallahi.

To amma fa ka san abin da za ka tarar. Rubutun kundi zalla ne, kuma ba duk ikon gwamnati ke kwance a rubuce ba. Na nemi kalmar banki a kundin Amurka ban gani ba, don babu ita, alhali tun 1819 kotun ƙolinsu ƙarƙashin babban alƙalinta John Marshall ta ce majalisa na da hurumin kafa banki, a shari'ar McCulloch da jihar Maryland, saboda ƙarshen sashe na 8 ɗin ya ba ta damar yin duk dokar da ta zama dole kuma ta dace wajen aiwatar da ikon da aka lissafa. Irin wannan ikon da ake tsamowa daga fassara sai ka bi hukuncin alƙalai, kuma wannan ba aikin shafin ba ne tun asali.

Akwai shi da Turanci da Larabci da Sifaniyanci. A waya yana buɗewa, sai dai jera ƙasa biyu ya fi daɗin gani a kwamfuta. Ɗalibin lauya ko na kimiyyar siyasa ya ajiye shi kusa. Abokina dai har yanzu cewa yake Kanada ce ta yi ba daidai ba.