Na je sayen Marshall, na dawo da Vox: yadda na gwada amfilifaya uku masu bawul

Shekara shida ina kaɗa jita a bukukuwa a Kaduna da wata 'yar amfilifaya mai taransisto, wato akwatin ƙara wa jita sauti. Ba ta taɓa ba ni kunya ba, a faɗi gaskiya. Amma murya ɗaya gare ta. Ko ka shafa tsirkiya a hankali, ko ka finciko ta da ƙarfi, abu ɗaya take mayar maka, sai dai ƙara ta ƙaru ko ta ragu. Ni kuwa irin kiɗan jitar Agadas nake yi, da yatsa, babbar tsirkiya tana gurnani a ƙasa, ƙananan suna gudu a sama. Kiɗa ne da daɗinsa yake a hannu. Don haka na daɗe ina tarin kuɗin amfilifaya mai bawul.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan irinta ba, bawul ɗin nan kwalaben gilashi ne masu kama da ƙwan lantarki, irin na cikin manyan rediyoyin zamanin kakanninmu. Ƙananan suna ɗaga siririn sautin da jita ke fitarwa, manyan kuma su tura shi ta cikin taransifoma zuwa lasifika. Abin da ya sa makaɗa suka maƙale musu har yau shi ne, idan ka matsa musu fiye da ƙarfinsu ba sa tsagewa farat ɗaya. Murya ce ke yin kauri, ta fara ɗan dishi-dishi a hankali, kamar mawaƙin da ya kwana yana waƙa amma bai rasa zaƙi ba.

Marshall na sa a raina tun farko. Sunan ne ya ja ni, da farin rubutun nan a kan baƙin ƙyalle, da abin da nake ji a YouTube da daddare. Da na ji labari wani mai sayar da kayan kiɗa 'yan kwatano ya samu Marshall DSL20CR da Vox AC15C1, ban ko yi karin kumallo ba na tafi. Ya jona min Marshall da wata jita tasa, ya murɗa ta sosai, shagon ya ɗauka. Sannan ya kunna Vox ƙasa-ƙasa na 'yan mintuna, ya kashe. Saura kaɗan in biya a ranar.

Wanda ya tare ni wani yayana ne a harkar, mai ɗakin naɗar waƙa. Na kira shi ina ta zuzuta abin da na ji, sai ya ce: "Da jitar wa ka gwada?" Na ce ta mai shago. "Ƙarar tasu ɗaya ce?" Na yi shiru. Ya ce: "Ƙanena, ba ka gwada komai ba. Kunne mayaudari ne, duk wadda ta fi ƙara ita yake cewa ta fi daɗi. Ka ajiye masa wani abu, ya bari a kawo su nan kwana ɗaya." Shi yana da Fender Blues Junior IV a ɗakinsa, sai suka zama uku. Mai shagon ya ɗan ja, amma da ya ga kuɗin ajiya ya haɗa mu da yaronsa, muka loda su a keke.

Yadda Yaya ya tsara gwajin shi ne abin da ya fi amfanata a duk cinikin. Jitata kawai, Squier Stratocaster, da waya ɗaya. Kujera ɗaya a wuri ɗaya, kowace amfilifaya a ɗora ta a kai idan layinta ya zo, domin wadda ke ƙasa a kusurwa tana samun kaurin da ba nata ba ne, na bango ne. Muka bar kowacce ta yi zafi kamar minti goma sha biyar. Na kaɗa wani gajeren kiɗa cikin lufa, na'urar nan da ke naɗa ta riƙa maimaitawa, don kada hannuna ya fifita wadda zuciyata ke so. Ya ɗauko wayarsa mai manhajar auna desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ya daidaita ƙarar su ukun. Sannan ya sa na juya musu baya, yana sauya waya, ni kuma ina rubuta ta ɗaya, ta biyu, ta uku a takarda ba tare da na san wace ce ba.

Sau biyar muka yi. Sau huɗu Marshall ce ta zo ta ƙarshe a takardata. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ba laifinta ba ne. Wat 20 ce, da manyan bawul EL34 guda biyu da lasifikar Celestion Seventy 80 mai inci 12, kuma tana da hanya biyu, ɗaya mai ɗan tsabta, ɗaya mai gurnani. A hanya ta biyun kakaki ce sosai: ka danna tsirkiya ɗaya ta riƙe maka ita tana kuka har ka gaji. Mai kiɗan rok zai ji kamar ya isa gida, don dama tun 1962 da Jim Marshall ya fara haɗa amfilifayarsa a Landan wannan muryar ake zuwa nema wurinsu. Tana da makunnin rage ƙarfi zuwa wat 10, ga kafar jona na'urorin ƙawata sauti ta baya, abin da sauran biyun ba su da shi. Sai dai ni kiɗana gudu ne na ƙananan sautuka da yawa a jere, kuma gurnanin yana cakuɗa min su. A hanyar tsabta kuwa ta yi daidai, amma ba ta motsa ni ba.

Fender ɗin ita ta fi saurin shiga rai. Wat 15, ƙaramin akwati, nauyinta wajen kilo 14, ka ɗauke ta da hannu ɗaya. Muryarta dunƙulalliya ce, mai ɗumi a tsakiya, kamar gurmi a hannun gwani. Akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta FAT a kansa, idan ka danna sai muryar ta ƙara jiki. Amsa-kuwwarta, wadda ake samarwa da siririn sifirin a cikin akwatin, ta fi ta sauran daɗi a kunnena. Kuma tana da maɓallin tsakiyar murya, wanda Vox ba ta da shi. Abin da ya rage mata maki a wurina shi ne babbar tsirkiyar nan tawa mai gurnani: a ƙaramin akwatin sai na ji ta kamar a cikin ɗaki an rufe ƙofa. Sau biyu ta zo ta ɗaya a takardata duk da haka.

Sau uku kuwa Vox ce, wadda ban ma ba ta minti biyar ba a shago. Hanya biyu gare ta ita ma, Normal da Top Boost. Farkon jona ta a Top Boost da jitata sai da na yamutsa fuska, kaifin ya yi yawa, kamar ana goga cokali a faranti. Yaya ya miƙa hannu ya murɗa wani maɓalli mai suna Tone Cut, wanda ke aiki a juye: kana ƙara shi yana rage kaifi. Da ya kai shi wajen rabi, sai wani abu ya buɗe. Kowace ƙaramar tsirkiya ta fito tangaram da 'yar ƙararrawa a bakinta, babbar kuma tana ƙasa tana aikinta, ba wadda ta hau kan wata. Daga baya da muka ajiye lufa na karɓi jitar da hannuna, a nan ne ta gama da ni. Na shafa a hankali, ta fito garau. Na finciko, ta yi ɗan dishin nan kamar kukuma. Ban taɓa maɓalli ko ɗaya ba, yatsa ne kawai. Yaya ya ce dalili shi ne, a yawancin amfilifayoyi akan mayar da wani ɓangare na sautin da ya fita zuwa baya don ya ladabtar da bawul, ita kuwa Vox ba a yi mata wannan linzamin ba, shi ya sa take saurin amsawa, take kuma saurin dishewa. Tsarin nata tsoho ne, tun 1958 aka fara yin AC15 a garin Dartford na Ingila, kodayake yanzu kamfanin Korg na Japan ke da sunan.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Na sha karanta cewa bawul EL84 shi ne muryar Ingila, 6V6 da 6L6 kuma muryar Amurka, har na haddace ina faɗa wa mutane. To, Blues Junior 'yar Amurka da AC15 'yar Ingila bawul iri ɗaya ne a cikinsu: EL84 biyu, 12AX7 uku, wat 15 kowacce. Amma ko yaron mai shago da ke zaune yana danna waya yana iya bambance su. Bambancin yana cikin yadda aka haɗa wayoyin, da girman akwati, da lasifika: Celestion A-Type a Fender, Greenback a Vox. Tun ranar na daina yi wa mutane wa'azin lambar bawul.

Da yamma muka kira mai ganga da mai kalangu, muka fitar da su tsakar gida, don a fili nake aiki ba a ɗaki mai soso a bango ba. Na ɗauka wat 20 za ta danne wat 15. Ashe tazarar ba ta kai desibel ɗaya da rabi ba. Ko ninka wat ka yi, desibel 3 kawai ka ƙara, kuma sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninka. Abin da ya raba su a tsakar gidan shi ne wace ce ke ratsa ganga. Kaifin nan na Vox da ya dame ni a ɗaki shi ya fitar da ita, ana jin kowane sauti daga bakin ƙofa. Fender ta ɗan nutse sai da muka ƙara mata tsakiya. Sai dai in faɗa da kyau: a wannan ƙarar Vox ba ta da sauran tsabta, dishin ya zauna. Ni haka nake so. Mai kaɗa jitar coci ko hailaif da ke son murya fes komai ƙara, wat 15 ba za ta ishe shi a fili ba sai da makirfo a gabanta.

Kafin in cika kuɗi na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya kwance murfin baya, ya ga kwalaben, ya yi murmushi ya ce rabonsa da su tun yana yaron shago. Ya kunna, ya ɗauki fensir yana ƙwanƙwasa kowane ƙaramin bawul a hankali da gindinsa. Biyu suka yi shiru. Na ukun ya yi ƙyal-ƙyal a lasifika kamar an taɓa kofin gilashi. Ya ce: "Wannan ya gaji, ɗana. A rage maka kuɗinsa." Na kai hannu zan nuna wani abu a ciki, ya buge min yatsa. "Kul! Akwai fiye da bolt 300 a nan, kuma ko an zare ta daga bango tana riƙe da wuta." Na ce na tuba, Baba. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in kunna ta lasifika a cire, taransifomar ce za ta ƙone. Mai shago ya rage kuɗin bawul ɗaya ba gardama, bawul abu ne mai ƙarewa kamar taya.

Wani abin da ya taimaki Vox a cinikin shi ne daga Ingila ta zo, ta bolt 230 ce, filoginta mai baki uku irin namu. Fender ɗin Yaya ta Amurka ce, ta bolt 120, kullum tana tafe da taransifomar rage wuta kamar jela. Duk mai sayen ta kwatano ya karanta rubutun bayanta kafin ya kai ta soket.

Yau wata takwas ke nan tana hannuna. Muryar ba ta taɓa sa ni nadama ba. Nauyin ne dai, kilo 22, kuma hannun ɗauka ɗaya ne a sama, ranar da biki yake a bene ina tuna Fender da alheri. Ba na jona ta a janaretan gidan biki sai ta sitabilaizata, wanda shi ma wani kayan ne. A watan Afrilu bayanta kamar murhu, sai na ja ta nesa da bango, kuma idan an tashi ina barin ta ta huce kafin a loda ta a keke. Da hunturu ina rufe ta da tsohon bargo saboda ƙura. Girgiza-muryar da ke cikinta, wadda ban ma kula da ita ba ranar gwaji, ta zama abin da nake buɗe kiɗan amarya da shi. A gida kuwa da daddare, idan na rage masta, wato babban maɓallin ƙara, ƙasa sosai don maƙwabta, rabin daɗin yana tafiya, sai in koma wa tsohuwar mai taransisto, shi ya sa ban sayar da ita ba.

Bawul ba a samunsa a kasuwar unguwa. A Silobakiya da Rasha da Sin ake yin yawancinsu yanzu, kuma tun yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 suka yi tsada. Sa'ar da na yi, AC15 tana daidaita wa manyan bawul ɗinta wuta da kanta, don haka idan ka samu biyu da aka auna suka yi daidai da juna, cirewa ne da sakawa. Na sa wani abokina ya taho min da EL84 biyu da 12AX7 ɗaya na kamfanin JJ daga Legas. Suna cikin jakar jita, kowanne a naɗe cikin safa.