Kafin ka sayi injin CNC na gida, fara girgiza shi

Duk mai tallan injin sassaƙa na CNC, wato wanda kwamfuta ke sarrafa shi, abu biyu yake fara nuna maka: faɗin teburi da ƙarfin moto. Daga nan ya rubuta maka cewa injin yana yanka daidai har zuwa milimita 0.01. Wannan adadi ba ƙarya ba ne, amma lissafin takun moto ne kawai. Moton da ke tura irin waɗannan injina taku 200 yake yi kafin ya juya sau ɗaya, kuma na'urar sarrafa shi tana iya raba kowane taku gida 16, shi ya sa adadin yake fitowa ƙanƙane a takarda. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne yadda gadar injin, wato sandar da ke ɗauke da moton yanka, take lanƙwasa idan baki, wato ƙarfen da ke yankan, ya shiga katako mai tauri. Shi ya sa ni duk injin da aka nuna min, nakan kama bakinsa da yatsu biyu in ɗan tura gefe. In ya motsa a hannuna, to zai motsa a cikin aiki.

Mafi araha a kasuwa shi ne ƙaramin nan da ake kira 3018, sunan da ya samo daga filin aikinsa, santimita 30 da 18, zurfinsa kuwa wajen milimita 45. Yana aiki da manhajar sarrafa inji mai suna GRBL wadda kyauta ce, kuma ga mai koyo babu makarantar da ta fi shi. Zai zana maka suna a allo, ya sassaƙa roba, ya yi maka allon lantarki. Amma yawancinsu sassan da ke riƙe moton na roba ne, sandunan kuma sirara. Na taɓa sa wa nawa almuniyam don taurin kai, ya yi ta kuka yana rawa, ramin da na so ya fito zagaye ya fito kamar ƙwai. Ba laifinsa ba ne, ni na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Matakin tsakiya shi ne inda ake tafka muhawara, kuma duk tana komawa kan abin da ke jan injin. X-Carve na kamfanin Inventables da tsofaffin samfuran Shapeoko na Carbide 3D da bel suke tafiya. Bel yana da sauri, ba ya tsada, ƙura ba ta cika damunsa ba, amma yana miƙewa idan aka matsa masa, kuma sai ka riƙa duba ɗaurinsa lokaci zuwa lokaci. LongMill na Sienci Labs da ke Kanada sandar zare yake amfani da ita, irin ta sukuru. Ita ba ta miƙewa, sai dai nat ɗin da ke hawa kanta yana cinyewa, ya fara wasa. Wasan nan shi ne idan injin ya juya baya, moto ya ɗan yi tafiya kafin baki ya biyo shi, sai ka ga kusurwa ba ta haɗe ba. Na uku ita ce sandar zare mai ƙwayoyin boris a cikin nat, wadda Onefinity da Shapeoko 5 Pro suke da ita. Wasanta kaɗan ne ƙwarai, ita ce kuma zaɓina ga mai son haɗa katako biyu su shige juna ba tare da gam ya rufa masa asiri ba. Sharaɗinta ɗaya, ka kare ta daga ƙura, ka riƙa shafa mata mai.

Haka abin yake ga layin da injin ke gudu a kai. Tayoyin roba da ke bin sandar almuniyam sun isa aikin allunan rubutu da kayan ado. Layin ƙarfe mai boris ya fi tsayuwa nesa ba kusa ba. Mai iya aikin ƙarfe da haƙuri kuma zai iya harhaɗa injin da ake kira PrintNC da kansa daga bututun ƙarfe, sai dai ya sani watanni zai yi yana gina inji kafin ya yanka komai.

A nan ne zan ba da shawarar da mutane ba sa so: kada ka sayi babban teburi don kawai wata rana za ka iya buƙata. Gada in ta yi tsawo tana ƙara lanƙwasa, kuma da kuɗi ɗaya ƙaramin inji kusan kullum ya fi babba tauri. Ka auna abu mafi girma da ka san za ka yi a bana, ka saya daidai da shi.

Game da moton da ke juya baki, da yawa suna ɗaura ƙaramin injin gyaran gefe na kafintoci. Makita RT0701C yana juyawa daga 10,000 zuwa 30,000 a minti, DeWalt DWP611 kuma daga 16,000 yake farawa, abin da ya sa Makita ya fi dacewa da roba da almuniyam masu son juyi a hankali. Dukansu suna da ƙara mai isar maƙwabta, gawayin da ke cikin motonsu kuma yana cinyewa. Moto na musamman mai kilowat 1.5 ko 2.2, wanda ruwa ke sanyaya shi, ya fi shiru, kwamfuta ce kuma ke kunna shi ta saita masa gudu. Amma yana da nauyi, in ka rataya shi a gada mai rauni ka ƙara wa Borno dawaki ne a wajen matsala. Ka duba ma maƙoshin da ke riƙe baki: samfurin ER11 ba ya riƙe bakin da kaurinsa ya wuce milimita 7, ER20 yana kaiwa 13.

Ko ka sayi mai tsada, daidaito a hannunka zai ƙarasa. Bakin da ka bari ya leƙo ninki biyu daga maƙoshi, lanƙwasarsa ninki takwas take yi, don haka tura shi ciki iya yadda aikin ya yarda. Sabon shiga kuma yakan rage saurin tafiya don tsoro, alhali nan ne ɓarnar take. Baki mai kaifi biyu da ke juyi 18,000 a minti, in yana tafiyar milimita 1,800 a minti, kowane kaifi yana ɗebo milimita 0.05. In ka rage tafiyar zuwa 600, sai ya daina yanka ya koma guga, katako ya ƙone, baki ya dushe. Ka duba abin da ke fitowa: in ɓarɓashi ne, lafiya lau, in gari ne mai laushi da ƙauri, ƙara sauri ko ka rage juyi.

Ka ware wani abu daga kuɗinka don ma'aunin kauri na dijital, da bakuna masu kyau ko da uku ne, da injin zuƙe ƙura da takunkumi, musamman in za ka yanka MDF, allon da ake yi da garin katako, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu. Manhajar zane kada ta tayar maka da hankali tun yanzu, FreeCAD kyauta ce, VCarve kuma sai ka fara samun aikin da zai biya ta. Ranar da injin ya iso, ka fara share fuskar allon shimfiɗarsa da faffaɗan baki don ya daidaita da gada, sannan ka yanka murabba'i mai milimita 100 ka auna gefunansa huɗu da kusurwa zuwa kusurwa, tun kwanakin da aka ba ka na mayar da kaya ba su ƙare ba.