Carmine's ko Tony's Di Napoli: ina za a kai ayari a New York?

In kun kai mutum goma sha biyar kuna neman abincin Italiya kusa da Times Square, gidajen cin abincin nan biyu ake yawan ambata. Dukansu a babban faranti suke kawo abinci, a dire tsakiyar teburi kowa ya ɗiba.

Carmine's na titi na 44 ya fi faɗi, ya kuma fi hayaniya. Tun 1990 aka buɗe reshensa na farko a unguwar Upper West Side. Farantin taliya ɗaya, jar miyar tumatir na tururi a kai, kan ƙosar da mutum uku ko huɗu. Kada ku cika oda, in ba haka ba sai kun koma gida da ƙunshi.

Tony's na titi na 43 farantinsa na mutum biyu zuwa uku ne. Ni dai shi ya fi kwanta mini, don ana samun damar ɗanɗana kala-kala, kuma mai ƙin wani abu ba ya tashi da yunwa.

Ko wanne kuka zaɓa, ku kama wuri tun da kwanaki, musamman gabanin wasannin kwaikwayo na Broadway da ake yi a yankin. Musulmi kuwa su tambayi mai kawo abinci a fili: wasu miyoyin da giya ake dafa su, wasu ƙwallayen nama da naman alade a ciki.