Agfa Isolette ko Zeiss Ikon Nettar: wace kyamara mai naɗewa ta fi?

Dukkansu ƙirar Jamus ne, kuma a nan ina magana ne a kan samfuransu na shekarun 1950. Suna cin faffaɗan fim na naɗi da ake kira 120, hoto 12 a kowane naɗi, santimita 6 tsawo 6 faɗi, kuma in an naɗe su sai su shige aljihun babbar riga.

Isolette ta fi kyan gani, amma tana da ciwo biyu. Jakarta mai kama da zuga-zugi ba ta fata ba ce, tana tsagewa a kusurwoyi, haske ya shiga ya ɓata fim. Kafin ka saya, buɗe bayanta a ɗaki mai duhu, ka haska tocila daga ciki. In ka ga ɗigon haske, sai an sake jaka. Na biyu, koren giris ɗin da Agfa ta sa yana daskarewa har zoben saita tazara ya ƙi juyawa. Kada ka tilasta shi, haƙoran da zoben ke juyawa a kansu za su lalace; a kwance, a wanke, a sa sabo. Ladan wahalar shi ne gilashin ɗaukar hoto (lens) na Solinar mai ƙwayar gilashi huɗu, in ka dace da shi.

Nettar ba ta da wannan rigima, jakarta tana daɗewa. Gilashinta Novar ƙwaya uku ne, gefen hoto yana laushi sai ka tsuke kafar shigar haske zuwa lamba f/8 ko f/11. Tazara kuma da ido za ka ƙiyasta.

Ga mai farawa, Nettar zan zaɓa. Ko wacce ka ɗauka, buɗe ta a hankali kafin ka murɗa fim, don fizga tana tsotso fim ɗin gaba, hoto ya dishe.